Idan Kududdufi Ya Ƙafe, Agwagwa Tsakar Gida Take Dawowa

 Idan kina da agwagi a gida, ko kuma yara sun tasa ki gaba sai an sayo musu, ba ni aron hankalinki kafin iskar hunturu ta kankama.

A ƙarshen watan Oktoban bara na je Mabai, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Tana da agwagi bakwai, toro ɗaya da mata shida. Duk tsawon damina ko ƙwayar hatsi ba su ci mata ba. Da sassafe za su fice ta kafar kwata, su nufi kududdufin bayan gari inda ake haƙar ƙasar gini, su yini suna kiwon tana da ciyawa da 'yan kwaɗi, sai magariba su dawo a jere kamar 'yan makarantar allo. To amma lokacin da na je ruwa ya ɗauke da kusan mako uku. Kududdufin ya koma taɓo. Agwagin nan duk sun tare a tsakar gida: biyu cikin kwata, ɗaya a ƙarƙashin randa, sauran a wurin wanke-wanke. Ga kuma jikanta ɗan wata goma yana rarrafe, ya tsoma hannu cikin kaskon ruwansu, ya kai baki.

Na ɗauke shi, na wanke masa hannu, na fara bayani. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ku ma'aikatan asibiti komai cuta ne a wurinku. Ubanki ma cikin agwagi ya tashi, ga shi nan har ya haife ki."

Ban ce mata ta sayar da su ba, kuma ke ma ba zan ce miki ba. Wanda ya san halin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan ba zai yi saurin raba mace da abin kiwonta ba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma mutanen yankin sun riga sun daɗe suna asarar shanu da tumaki, da gonakin nesa da suka gagara zuwa. Dabbar da sai an kai ta daji ta zama abin fargaba. Agwagwa kuwa ba ta wuce bayan gari. Gwaggo asusu take kiran nata. Ranar da aka rubuta wa yaro magani babu kuɗi, toro ake kamawa. Ga shi kuma annobar kaji da ke share akurki duk hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, ba kasafai take kashe agwagwa ba.

Abin da na gani a gidan nan shi ne abin da nake so ki lura da shi a naki. Da damina agwagwa a waje take zaune, gida wurin kwana ne kawai. Daga kaka zuwa hunturu kuwa ruwanta da abincinta da kashinta duk sun dawo inda yaranki ke wasa.

Wace ce agwagwar gidanki?

Agwagwar da muka saba da ita, mai jan tsiro a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, Turawa na kiranta Maskobi. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, mutanen can suka fara kiwonta, daga ƙarni na 16 jiragen ruwan fatake suka fara yaɗa ta a duniya. Tsuntsuwar ƙasar zafi ce, mai son hawa bishiya da katanga. Ba dole sai da tafki take rayuwa ba, shi ya sa ta karɓi ƙasar Hausa. Kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai, ita kuwa sai ta yi 35. Na san gidan da aka zubar da ƙwai goma sha biyu a kwana na talatin, wai sun yi bara-gurbi, alhali saura kwana biyar su fashe.

Toro ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa shida. Idan torayen sun yi yawa sai faɗa, su wahalar da matan, wani lokaci har su tattake ƙanana. Yanzu da suka ƙoshi da kiwon damina shi ne lokacin rage su, kafin su fara cin dusar da za ki saya da kuɗinki.

Ruwa

Agwagwa ba ta iya haɗiyar busasshen abinci sai da ruwa a kusa. Za ki ga ta cika baki da dusa, ta ruga ta tsoma, ta dawo. Kuma da ruwan take wanke hanci da ido. A lokacin ƙurar hunturu, idan ba ta samu inda za ta nutsa kai gaba ɗaya ba, sai ki ga idon ya yi kwantsa, hancin ya toshe. Saboda haka abin da take bukata shi ne ruwa mai zurfin da zai shanye kanta, ba wurin iyo ba. Wanka kuwa sau biyu ko uku a mako da rana tsaka ya wadatar, a zubar da ruwan da zarar sun gama.

Nan ne aikina na jinya ke sa ni tsayawa. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya nauyin kansa yana rinjayar jikinsa. Idan ya kifa cikin baho ko daro, ruwan da bai kai tsawon yatsanki ba ya isa ya halaka shi, kuma ba ya ihu, ba za ki ji komai daga ɗaki ba. Kada ki haƙa rami a tsakar gida ki cika da ruwa don agwagi, duk yadda yara suka so ganin suna iyo. Ki samu jarka, ki yanke taga a gefenta daidai shigar kan agwagwa, ki cika ta. Za su sha, su wanke fuska, ba za su shiga ciki su yi kashi ba, yaro kuma ba zai faɗa ba.

Ki riƙa juye ruwan kullum. Sauro yana bukatar kamar mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa tashi, ruwan da ake zubarwa kowace rana ba ya ba shi wannan damar. Kin dai san yadda asibitocinmu ke cika da zazzaɓin cizon sauro daga Satumba har Nuwamba, bai kamata mu ƙara masa wurin haihuwa da hannunmu ba. Ruwan da kika juye kuma kada ya bi kwata a banza. Taki ne. Gwaggo tana da 'yar garka a bayan ɗaki, da zogale da yakuwa da 'yan tushen barkono, can muka koma zubawa, a gindin shuka ba a kan ganye ba. Ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas, ban yarda a ba shi wannan ruwan ba. Agwagin kuma kada a sake su cikin garka sai shuka ta yi ƙarfi, domin ƙaramin tsiro ko su cinye ko su tattake shi da faffaɗar ƙafarsu.

Masarar gindin buhu

Wannan kuskuren ni na yi shi, ba wani ya ba ni labari ba. Shekara uku da suka wuce Gwaggo ta ba 'yata ta fari agwagwa fara, yarinyar ta sa mata suna Amarya. Cikin Nuwamba Amarya ta ƙyanƙyashe tara. Muna da wata masara da aka kawo mana daga gona ba ta gama bushewa ba, ta kwana biyu a buhu, gindin ya yi fumfuna, wani kore-kore mai ɗan rawaya. Na tsince mai kyau muka kai niƙa. Ragowar na ce ai ba za a zubar ba, na sa aka ɓarza na riƙa jiƙa wa 'yan agwagin. Cikin mako guda suka daina cin abinci, suka riƙa tangaɗi, ɗaya bayan ɗaya. Biyu kaɗai suka rayu. 'Yata ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo, ni kuwa kunya ta ishe ni, domin na karanta abin a makarantar jinya, ban dai taɓa kawo shi kan agwagwa ba.

Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. A duk tsuntsayen gida, ɗan agwagwa na cikin waɗanda ta fi saurin kashewa. Ta hanyar tsuntsaye ma aka gano ta: a 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil ne sanadi. Mutane ma ba su tsira ba. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masara mai wannan guba. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana iya kawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma masana sun danganta ta da tsumburewar yara. Tana ma iya bi ta cikin nonon uwa.

Yankinmu na kudancin Katsina yankin masara ne, daga Funtuwa da Ɗandume har Faskari da Sabuwa, kuma kaka ita ce lokacin da fumfuna ke samun shiga: an girbe da ɗan danshi, an shanya a ƙasa, raɓa ta sauka, an ɗure a buhu da wuri saboda tsoron ɓarayi. Abin da na koya daga mutuwar 'yan agwagi bakwai shi ne, hatsin da ba zan ba ɗana ba, ba zan ba agwagwa ba. Kuma idan ƙananan agwagi suka fara mutuwa a gidanki bayan an buɗe sabon buhu, ki duba buhun da kuke tuƙa tuwo da shi.

A shanya a kan tamfol ko tabarma. Idan kina shakkar ko ta bushe, ki zuba 'yar masara da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ki girgiza, ki ajiye na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Ga maigida kuma, akwai Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, yana rage gubar tun daga can.

Sai maganin ajiya. A kaka ne ake zuba wa wake da masara maganin ƙwari, a kaka ne kuma ake ajiye maganin ɓera a lungu. Agwagwa ba ta wuce abin da ta gani a ƙasa, haka ma yaro. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba a zuba masa komai.

Me za ki ba su, tunda kiwon waje ya ƙare? Dusar masara ko ta dawa a jiƙe, gwargwadon abin da za su cinye nan take, domin jiƙaƙƙiyar dusa tana tsami ta yi fumfuna idan ta kwana. A haɗa da yankakken ganye: zogale, alayyahu, ganyen dankali. Masara kaɗai ba ta ishi ƙanana ba, akwai wani sinadarin bitamin B da suke bukata fiye da 'yan tsaki, rashinsa ne ke sa ƙafafunsu su gwame su kasa tafiya. Gara, garin ƙananan kifi busassu, dusar waken suya da kika tace awara, duk suna taimakawa. Masu ƙwai kuma a daka musu ɓawon ƙwai da aka gasa.

Ragowar kududdufi

Kududdufin da ya kusa ƙafewa ya fi wanda ya ƙafe hatsari. Ruwan ya yi kauri, kifi da kwaɗi sun mutu a ciki, wani ya jefa mushen kaza. Agwagwar da ta ci tsutsar da ke cikin mushe tana iya dawowa wuyanta ya saki, kai na jan ƙasa, ƙafa ta mutu. Wata guba ce da ƙwayoyin cuta ke fitarwa cikin ruɓaɓɓen nama. Daga lokacin da kika ji ruwan ya fara wari, ki toshe kafar kwata. Idan suna tsallake katanga, a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Ba ya yi musu zafi, kamar yankan farce ne, muddin ba a yanki sabon gashi mai jini ba.

Akwai dalili na biyu. Daga wannan lokaci ne tsuntsayen ruwa ke baro sanyin Turai su sauko Afirka ta Yamma, da yawansu a dausayin Haɗeja da Nguru suke yada zango, wasu kuma a madatsun ruwa da fadamu. Cikinsu akwai masu ɗauke da murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, ba nisa da mu. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake ɓarkewa a 2015, Kano na cikin inda ta fara. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar ta yi ta yawo garau, kajin da ke shan ruwa tare da ita su zube. Don haka a raba musu wurin kwana da kaskon ruwa. Wadda aka sayo daga kasuwa kuma ta yi mako biyu ita kaɗai kafin a haɗa ta da na gida.

Idan kika wayi gari tsuntsaye da yawa sun mutu lokaci guda, ko fuska ta kumbura, ko suna juya wuya, kada a yi saurin kai wuƙa don kada a yi asara. Na san abin da ake yi ke nan a gidajenmu, kuma a wurin fiɗa da figar gashi ne mutum ya fi ɗaukar cutar. A sa leda a hannu, a binne da zurfi, a hana yara zuwa wurin, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Su ke aika samfuri cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Kuma don Allah a daina fasa kafso ja da yalo cikin ruwan tsuntsaye. Ba ya kashe murar, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da yaro ya bukace shi a tarar ba ya aiki.

Sanyi

Babbar agwagwa ba ta damu da hunturunmu ba. Ta samu inda iska ba ta bugunta kai tsaye da busasshiyar shimfiɗa, buntun shinkafa ko ƙaiƙayi, a riƙa kwashewa idan ta jiƙe. Ƙananan ne abin ji, musamman a mako ukun farko. Gashinsu bai fara ture ruwa ba, idan suka jiƙe da asuba sanyi na iya kashe su kafin hantsi. Ruwansu a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki. Da dare a sa su da uwarsu cikin akurki, a rufa buhu, a bar kafar iska. Kada ki shigar da su ɗakin da kuke kwana, kada kuma a rufe ƙofa da kaskon gawayi don ɗumama su ko ɗumama yara. Hayaƙin gawayin da ba ya wari shi ne ke kashewa.

Yaro da agwagwa

Kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, kuma tana yin sa ko'ina, ba dare ba rana. Ko lafiyarta ƙalau, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi, irin su salmonela. Babba zai sha wahalar kwana biyu ya miƙe. Ɗan wata goma kuwa gudawar kwana biyu tana iya ƙarar da ruwan jikinsa. Wadda kuma ke zuwa tana komawa ita ce ke cinye yaro a hankali har ya faɗa tamowa, kuma ba sai na gaya miki yadda tamowa ta yi mana katutu a Jihar Katsina ba.

Ɗan agwagwa abin sha'awa ne, rawaya, laushi kamar auduga, yaro na ganinsa zai kai shi baki. Wanda bai kai shekara biyar ba ya kalla daga nesa. Manyan su ba su abinci, su tsince ƙwai, sannan sabulu da ruwa kafin su taɓa ƙaninsu ko kwanon abinci. Idan gudawa ta zo, a fara ruwan ORS nan take yadda aka rubuta a jikin ledar, da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu, a ci gaba da ba da nono. Idan kika ga jini a kashin, ko ido ya faɗa, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, asibiti za ki nufa ko da tsakar dare ne.

Ƙwan kuwa kada ki hana su. Ya fi na kaza girma, gwaiduwarsa ta fi yawa. Daga wata shida yaro zai iya ci, a dafa shi har gwaiduwar ta daskare sosai, a murƙushe cikin kunu ko fate. Maganar da ake yi wai yaron da aka saba wa ƙwai zai yi sata, na ba 'ya'yana uku, har yau ko sisin kwabo ban nema na rasa ba.

A gidan Gwaggo abin da muka yi bai ci kuɗi ba. Karan dawa ya samu, tunda kaka ce. Yaran gidan suka kafa danga a kusurwar da ke kusa da garka, tsawonta zuwa ƙugu, muka mayar da jarkar ruwa da kaskon dusa can. Jikan aka ware masa tabarmarsa a rumfa, nesa da kwata. Gwaggo tana kallo tana mita, wai an mayar mata da agwagi 'yan fursuna.

Da na kira ta cikin Janairu, ta ce ɗaya ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, shirwa ta ɗauke guda, saura goma suna nan. Na tambayi jikan, ta ce ya fara tafiya, kullum yana bakin danga yana leƙe. Sai ta ce in gaya wa 'yata ta ware mata toro ɗaya na sallah. Na faɗa wa yarinyar. Ta ce a kawo shi, amma ba za a yanka ba, Amarya za a aura wa.